Atamfa Huɗu a Riga Ɗaya

Zuwa ga Inna Indo,

Assalamu alaikum. Inna, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'ar ƙarshen watan nan, domin a ranar zan ba yayata amsa, kuma har yanzu ban san abin da zan ce mata ba. Kada ki buga sunana. Sunayen mutanen da zan ambata ma na sauya su, ko da yake duk wadda ta halarci bikin ɗiyata za ta gane ni nan take, don ba a taɓa ɗinka riga irin wadda na sa ranar ba a duk faɗin Gusau.

Shekarata hamsin da shida. A Tsafe aka haife ni. Na yi aikin jinya shekara goma sha takwas a wani ƙaramin asibiti a Bungudu, na ƙarasa a Gusau, inda muke zaune da maigidana. Shekara uku ke nan da na yi ritaya. Lokacin da na ajiye aiki mutane sun yi ta ce min zaman gida zai ishe ni, amma bai ishe ni ba, saboda ina da wuraren zuwa har huɗu.

Na farko shi ne taron zumuntar dangin mahaifiyarmu. Gida ashirin da uku ne, yawanci a Tsafe, ana zagayawa duk Asabar ɗin farkon wata. A can sunana Auta. Ko da furfurata, ni ake aike, ni ke wanke tukunya, kuma taubashiyata Zulai ba ta bari in haɗiye loma ba tare da ta tsokane ni ba. Na biyu ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce a Bungudu, wadda na taimaka aka kafa tun ina aiki a can. Mu talatin da ɗaya ne, ni ce shugaba. A can ba na wasa. Idan na shigo, mai hira kan yi shiru ta ja turminta. Na uku Islamiyyar matan aure ce ta unguwarmu. Na shiga da girmana, a layin baya nake zama, kuma ni ce ta ƙarshe a karatu. Malama Mansura da ke koya mana sa'ar ɗiyata ce, takan maimaita min aya ɗaya sau biyar ba ta gaji ba. Na huɗu kuwa tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta kwana ne. Su Metiron suke kirana, don na iya kwaikwayon tafiya da muryar matar da ta kula da ɗakin kwananmu, Allah ya ji ƙanta. In muka haɗu sai an riƙe ciki don dariya.

Haka nake ta zagayawa abina, Inna, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba, sai da auren ɗiyata Muzdalifa ya zo wata bakwai da suka wuce.

Kin san al'adar anko. Kowace ƙungiya ta fitar da nata don ta kara ni. Dangi suka fitar da shuɗiya mai ganye, matan gyaɗa ruwan goro, 'yan Islamiyya ruwan toka, tsofaffin ɗalibai koriya mai ratsin fari. Kowace kuma ta aiko min da turmi guda, wai uwar amarya ta fito a nasu ranar wuni. Na yi kwana uku ina kallon atamfofin nan a kan gado. In na sa ta dangi, matan da nake shugabanta za su ce na raina su. In na sa ta gyaɗa, Yaya Hafsatu, babbar yayarmu, ba za ta sake kallona ba. Na yi tunanin in riƙa sauyawa, sai na ga wadda na fara sawa da wadda na sa a ƙarshe ma abin magana ne. Sai wata dabara ta zo min, wadda a lokacin na ɗauka basira ce. Na kwashi duka huɗun na kai wa Halliru tela, na ce ya yanka ya haɗa min su a riga da zani ɗaya. Ya kalle ni ya ce, "Hajiya, kin tabbata? Wannan fa sai dai labulen shago." Na ce ya yi abin da aka sa shi.

Ya yi kuwa. Gaban riga ruwan goro, baya ruwan toka, hannaye kore. Zanin ya raba shi gida-gida, sai aka yi rashin sa'a shuɗiyar dangi ta faɗo daidai mazauni.

Ranar wuni ina fitowa tsakar gida kowa ya juyo yana kallona. Zulai ce ta fara fashewa da dariya har ta zauna a ƙasa. Yaya Hafsatu ba ta yi dariya ba. Ta zagaya bayana ta duba, ta ce, "Auta, mu munka haife ki, mu kuma kinka zaɓa ki zamna bisa?" Da abin ya tsaya a nan da sauƙi. Can da rana tsofaffin ɗalibai suka kawo masu kiɗan ƙwarya, suka yi ta kiran Metiron ta fito. Na fito, na yi tafiyar nan ta turo ƙirji da karkace baki, ina juyowa sai muka haɗa ido da Malama Mansura da 'yan ajinmu a kan tabarma. Ban gama jin wannan kunyar ba Yaya Hafsatu ta ƙwala min kira a gaban matan Bungudu, wai tukwanen miya na can sun bushe. Ni kuma jikina ya saba, sai kawai na tuɓe awarwaro na durƙusa na hau wanki, ina uwar amarya. Da la'asar matan gyaɗa suka yi jinkirin raba abinci, na daka musu tsawar da na saba, 'yan Islamiyya da suka san ni da sunkuyar da kai suka zazzaro ido. Aka ce in yi addu'ar rufe taro, na sarƙe a tsakiya, wata ƙaramar 'yar ajinmu ta ɗora ni a gaban kowa.

Da za su tafi, mataimakiyata a ƙungiyar gyaɗa, Wasila, ta riƙe hannun rigata tana murmushi ta ce, "Shugaba, ashe ke huɗu ce, ɗaya kawai kike kawo mana." Ban san ko wasa take ba. Sati na zagayowa na je Islamiyya, sai darasin ranar ya faɗo kan munafunci da mai fuska biyu. Malama ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya, wannan ne ma ya sa na tabbata da ni take. Na ce a raina, in mai fuska biyu wannan ne makomarsa, ina ga mai huɗu?

Daga ranar na yanke shawarar in zama mutum ɗaya. Na daina zuwa Islamiyya. Na daina buɗe saƙonnin tsofaffin ɗalibai, yanzu sun haura ɗari biyu a wayata. Tsafe kuwa na yi ta ba da uzurin ciwon ƙafa da rashin kyan hanya, taro bakwai ke nan ban je ba. Na riƙe ƙungiyar gyaɗa kaɗai, don a can ne nake ganin ina da mutunci, kuma shugabanci ya fi dacewa da shekaruna.

Da farko na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na huta da hawa mota, na huta da aike. Amma sai na lura duk ƙaramar maganar da aka yi a Bungudu ranar Talata, da ita nake wuni har wata Talatar. Wata ta gaishe ni a tsaitsaye, sai in yi kwana uku ina juya abin. A da in an ɓata min rai a can, ranar Asabar Zulai za ta tsokane ni in rama, in dawo na manta.

Sai kuma ga abin da ya faru da kakar bana. Mun saba sayen gyaɗa a hannun mutum uku ko huɗu, wasu a Mada, wasu a ƙauyukan kusa da mu. Bana na ce wahalar ta yi yawa, na sa aka ɗauko duka a hannun mutum ɗaya da ya yi mana alkawarin kawowa har ƙofa. Ashe ba ta gama bushewa ba aka ɗura ta a buhu. Ta yi fumfuna daga ciki, man ya fito da ɗaci, ƙuli ya ƙi ciwuwa. Duka ta lalace, babu ta wani wurin da za a rufe da ita. Yanzu matan suna ƙus-ƙus a yi sabon zaɓe a ba Wasila. Ba wanda ya zage ni. Amma Inna, abinci ya daina min daɗi, barci ya ragu, ina zaune sai in ji hawaye ba dalili. In aka karɓe shugabancin nan ban san ko ni wace ce ba. Maigidana mutum ne mai shiru, ya ce in yi abin da ya fi min sauƙi. Ai da na san mai sauƙin da ban rubuto ba.

To ga maganar Juma'a. Asabar ɗin farkon wata mai kamawa zagayen dangi ya faɗo gidana. Dokarmu ita ce duk wadda ta bar nata ya wuce ba rasuwa ba haihuwa, an cire ta sai an gama zagaye an dawo, kusan shekara biyu ke nan. Yaya Hafsatu ta aiko a gaya min in ba ta ji daga gare ni ba zuwa Juma'a, za ta miƙa wa Zulai. In na karɓa, na koma wa halin da na tuba daga gare shi, kuma za su zo su cika min gida da zancen riga a lokacin da ko murmushi ba na iyawa. In na ƙi, wasu daga cikin tsofaffinmu ban san ko za su kai shekara biyu ba, Allah dai ya ba su tsawon rai.

Inna, munafuka ce ni da gaske? Kuma in karɓi taron ko in bari ya wuce? Rigar tana ƙasan akwati, na so in ƙona ta na kasa.

Taki,
Auta, daga Gusau

Amsar Inna Indo

Wa alaikumus salam, Auta.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na farko ban kai ƙarshe ba, na tsaya a wurin da shuɗiyar ta faɗo, dariya ta sarƙe ni sai da na sha ruwa. Ki yafe min. Halliru tela ya gaya miki gaskiya, kuma a duk labarin nan shi kaɗai ne ba shi da laifi.

Mu fara da munafuncin, don shi ya fi ci miki rai. Ni ba malama ba ce. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, na allo ma ba wani nisa na yi ba, saboda haka fatawa ba a wurina take ba. Amma ga abin da zan tambaye ki. Kin taɓa ɗaukar maganar matan Bungudu kin kai Tsafe don a yi musu dariya? Kin taɓa yabon Malama a gabanta, kika je wurin tsofaffin ɗalibai kika yage ta? Akwai abin da kika rantse a kai a wuri ɗaya, kika musanta a wani? In babu, to ni ban ga fuska huɗu ba. Na ga mace ɗaya da ta san a gaban yayarta ita ƙarama ce, a gaban aiki ita babba ce, a gaban karatu ɗaliba ce, a cikin ƙawayen ƙuruciya kuma yarinya ce. Wadda za ta daka wa Yaya Hafsatu tsawar Bungudu, ko ta yi wa Malama tafiyar Metiron a cikin aji, ita ce za a kai asibiti a duba. Darasin da aka yi kuwa, malamai bin littafi suke shafi bayan shafi. Da kin yi haƙuri kin koma sati na gaba, wataƙila da kin tarar an shiga babin wankan gawa, sai ki ce shi ma da ke ake?

Bari in ba ki labarin nawa tsohon, Malam Dalhatu, Allah ya ji ƙansa. Shekara talatin yana tuƙa motar ofis. Abokansa na ofis, hirarsa ta ofis, ko suna za shi sai na ɗan ofis. Ranar da ya ajiye makulli ya dawo gida, sai ya zama ba shi da kowa sai ni. Wata na farko a zaure ya zauna. Na biyu ya jawo kujera tsakar gida. A na uku ya fara gaya min daddawa ta yi yawa a miya, mutumin da bai san inda ake ajiye ludayi ba. Ya rame, ya zama mai fushi, in kaza ta wuce ta gabansa sai ya ce raini ne. Na ga in ban yi wani abu ba ɗayanmu zai kwana a gidan alƙali.

Sai na yafa mayafi na shiga gidan liman, na gaya wa matarsa wai Malam na so ya shiga kwamitin gyaran masallaci, kunya ce ta hana shi faɗa. Na wuce gidan babban masu kiwon tattabaru na unguwa na faɗi irin wannan. Na aika wa danginsa a Karakkai cewa kullum zancensa gonar ubansa. Ko ɗaya bai faɗa ba, na kuwa yi istigfari daga baya. Suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya suna lallashinsa, shi kuma yana hura hanci wai mutane sun san darajarsa. Wata rana da yamma na bi ta bayan inda masu tattabaru ke zama, sai na ji ana ta ƙyaƙyata dariya, wani yana kwaikwayon muryar mace tana faɗa a kan itacen girki. Na tsaya na saurara. Muryata ce, Auta. Mijina ne, wanda a gida kalmominsa na wuni ba su cika goma ba. Ashe a can Rediyo suke kiransa. Ban ce masa munafuki ba. Na dai hana shi nama a miya kwana biyu, bai san dalili ba har ya bar duniya.

Abin da ya sa na ba ki labarin shi ne abin da ya biyo baya. Wata shekara ciwo ya shiga tattabarunsa, suka mutu saura uku. Ya yi jimami kwana biyu. A na uku ya tashi ya tafi masallaci yin gardama a kan kwanon rufi, ranar Asabar kuma ya hau mota zuwa Karakkai duba dawa. Da a ce tattabarun nan su kaɗai gare shi, da tare da su za mu binne shi.

Yanzu dubi naki. Kin rubuto min labarin riga da labarin gyaɗa kamar abubuwa biyu ne, ni kuwa guda na gani. Kin saba sayen gyaɗa a hannu huɗu. In ta wani ta zo da danshi, ta sauran ta rufe. Kika ce wahala, kika tattara a hannu ɗaya, da ta lalace ba abin da ya rage. Abin da kika yi wa buhunan ƙungiya da kaka, shi kika riga kika yi wa ranki wata bakwai da suka wuce. Gaisuwar tsaitsaye ba yau aka fara yi miki ita a Bungudu ba. A da kina da inda za ki kai ta a wanke miki, yanzu kin rufe ƙofofin da hannunki kin zauna da ita a ɗaki.

Kada ki ɗauka ina cewa yawan ƙungiya shi ne lafiya. Na san mata masu ƙungiya tara, kullum suna kan hanya, tukunyarsu ba ta taɓa nuna da su a gida ba, kuma in suka kwanta ciwo ba mai leƙowa. Akwai taron da in ka dawo daga shi sai ka ji kamar an ɗora maka dutsen niƙa, irin wannan barinsa ma ibada ce. Hutun da kika ce kin ji da farko ma gaskiya ne, jiki na da haƙƙi, hanyar Tsafe kuma ba kullum take da daɗin bi ba, ba wanda zai ce ki jefa kanki a haɗari don tuwon zumunta. Amma ke da bakinki kika ce kina dawowa daga wurin Zulai kin manta ɓacin rai. Ba gajiya ce ta raba ki da wuraren nan ba, kunya ce. Kunyar wuni ɗaya kuma kin biya ta da wata bakwai, ta isa haka.

Su ma waɗanda suka ji haushi suna da tasu gaskiyar, kada ki manta. Anko ana yinsa ne don a ce wannan tamu ce. Mata sun zaɓo zani, sun aiko miki da shi cikin mutunci, kika sa almakashi a kai. Kin so ki faranta wa kowa, sai kowa ya ga guntunsa kawai ya samu. Da kin sa naki leshin daban kin ce uwar amarya ta kowa ce, da ba mai cewa uffan. Yaya Hafsatu tana bin ki ban-haƙuri, ba na dogon jawabi ba, na kalma biyu. Kuma ki lura, matar da ta yi fushi da gaske ba ta aiko da wa'adi. Da shiru za ta yi ta miƙa wa Zulai, ki ji a bakin mutane. Wa'adin nan kiranki take, irin kiran da manya ke yi ba tare da sun sauke kai ba.

Saboda haka kada ki jira Juma'a. Ki ajiye jaridar nan ki kira ta yau. Ki gaishe ta, ki ce kin yi kuskure, ki ce taro na gidanki. Za ta yi miki faɗa, ki yi shiru ki sha, ai Auta ce ke, kin saba. Kin ce ba kya iya murmushi. Ba a ce ki yi ba. Ki dafa abinci ki shimfiɗa tabarmi, murmushin aikin Zulai ne, da shi aka haife ta. Sai dai ki nemo mai a wani wuri, kada ki soya musu waina da na bana, laifin ya zama biyu.

Islamiyya kuwa ki koma layinki na baya kamar jiya kika tashi. In an tashi ki tsaya ki tambayi Malama Mansura kai tsaye ko abin da kike yi shi ne munafunci, ita ce mai ilimin, ta fi ni sanin amsa. Ina zaton ita ma tana can tana tunanin me ta yi wa Hajiya ta gudu. Saƙonni ɗari biyun nan ki buɗe su da rana tsaka, bayan kin ci abinci. Mutum ba ya aika wa wanda ya tsana saƙo har ɗari biyu. Ba dole ki je kowane zama nasu ba, ko sau ɗaya a wata uku ya wadatar, Metiron ma tana hutawa.

Saura Bungudu. Ranar Talata ki miƙe a gabansu ki ce shawarar sayen hannu ɗaya taki ce, ba ta yi kyau ba, su yi haƙuri. Sau ɗaya, ba kuka, ba kame-kame. Sannan ki ce a yi zaɓen, ke da kanki. In sun mayar da ke, to. In sun ba Wasila, ki ja tabarma ki zauna cikinsu ki murza ƙuli. Kin ce ba ki san wace ce ke ba in an karɓe kujerar. Ni na sani, don kin gaya min a farkon wasiƙa. Ke ce wadda ta iya durƙusawa ta wanke tukunya ranar auren ɗiyarta, ke ce mai furfurar da ke zama a bayan aji yarinya na gyara mata karatu. Shugabanni da yawa in an sauke su ciwo suke kwantawa, don ba su taɓa koyon zama a ƙasa ba. Ke kin yi shekaru kina koyonsa a wuri biyu. Ita Wasila ma, maganar da ta yi miki ki sake juya ta. Cewa ta yi ɗaya kawai kike kawo musu. Wataƙila ƙorafi ne na wadda ta gaji da tsawa, ta ga ashe shugabarta ta iya dariya, ba a dai kawo musu ita ba ne. Ki ɗan ɗebi ta Metiron ki kai Bungudu, kaɗan, kamar gishiri.

Abu ɗaya ba na wasa da shi. Rashin cin abinci da ƙarancin barci da hawayen nan, in kin yi duk wannan sati uku ko huɗu ba su sassauta ba, ki je ki ga likita ki faɗa masa yadda kika faɗa min. Ku ma'aikatan jinya kun fi kowa taurin kai a nan, kun auna jinin duk garin ban da naku. Maigidan kuma ki zaunar da shi ki karanta masa wasiƙar nan. Masu shiru suna ji, sai dai a kai musu har kunne.

Rigar kada ki ƙona. Ranar Asabar ki bari sai sun gama zama, an zuba ruwa an gaisa, sannan ki shiga ɗaki ki sako ta ki fito da faranti a hannu. Ki bar Zulai ta yi ta yi har ta gaji, abin da aka gama yi wa dariya a gabanka ba ya sake cizo a bayanka. Sai dai ki juya zanin tukuna, shuɗiyar ta dawo gaba. In Yaya Hafsatu ta zagaya bayanki dubawa, ta tarar da ruwan goro a wurin.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya dawo miki da ɗanɗanon abinci, ya bar ku tare da tsofaffinku shekaru masu yawa. Ya ba Muzdalifa zaman lafiya a ɗakinta. In kin gama da rigar ki aiko min, akwai bikin da aka fitar min da anko uku.

Taku,
Inna Indo